Murmushin da Auta Ya Ara

A shekarar 1993 ne maɗaba'ar da ke bayan tashar mota ta sayo injin buga launi, kuma daga wannan shekarar littattafan karatun yara suka daina fitowa da baƙi da fari kawai. Kafin zuwan injin, aikin mai zanen maɗaba'ar bai wuce ƙawata haruffan bango da zana kujera ko agwagwa a ƙasan shafi ba. Da injin ya iso sai aka matsar da teburinsa kusa da taga, aka jera masa kwalaben fenti goma sha biyu, aka ce daga yanzu kowane labari sai da fuskokin mutanensa. A wurin aiki Mai Zane ake ce masa. A gida kuwa Auta ne, ko da yake a lokacin ya haura shekara talatin, yana da mata da 'ya'ya biyu.

Auta yana da wata hanyar aiki da ya daɗe a kanta. Ba ya iya ƙirƙiro fuska daga kansa. In ya gwada, sai ta fito kamar ta 'yartsana. Saboda haka kullum akwai ƙaramin littafi a aljihun rigarsa, da guntun fensir ɗaure da zare. A cikin bas yakan zana kunnen wanda ke zaune a gabansa. A layin asibiti yakan ɗauki goshin wata tsohuwa, a bakin titi ya ɗauki haɓar mai gyaran taya. In ya zo haɗa mutumin labari sai ya baza littattafan nan a kan tebur, ya ɗauko hanci daga wannan, gira daga wancan, har mutum ya tashi. Doka ɗaya ya kafa wa kansa: ba ya ɗaukar abu biyu daga mutum ɗaya. A ganinsa, muddin ya kiyaye wannan dokar, ba wanda zai buɗe littafi ya tarar da kansa a ciki.

Yayansa, wanda ya girme shi da shekara goma sha ɗaya, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Yana da kanti na katako a ƙofar wata makarantar firamare, inda yake sayar da fensir da littattafan rubutu da magogi da alli. Yara suna kiransa Baba Mai Fensir. Duk wanda ya sayi fensir, Yaya yakan fiƙe masa shi da reza, yana yi yana tambayarsa abin da aka koyar jiya. Tun yana saurayi, lokacin da yake aiki a shagon yankan gilashi domin Auta ya ci gaba da makaranta, wani gilashin taga ya suɓuce ya tsaga masa leɓen sama ta hagu. An ɗinke, ya warke, amma ɗinkin ya ja leɓen. In fuskarsa tana zaune ba a cika lura ba. In ya yi murmushi kuwa, sai gefen hagu ya haye sama har fiƙa ta bayyana, gefen dama ya tsaya inda yake. Yaya mutum ne mai yawan murmushi, kuma duk wanda ya saba da shi ya daina ganin tabon tuntuni.

Littafi na farko da aka miƙa wa Auta labarin wani mugun mutum ne da ake kira Mai Sarƙa, wanda ya ɗaure rijiyar gari ya hana kowa ruwa, har wasu yara uku suka yi dabarar kwance ta. Yaran ba su ba Auta wahala ba. Mai Sarƙa ne ya tsaya masa a wuya. Sau uku yana kai wa Edita zanen, sau uku ana dawo masa da shi.

Edita dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci, ɗaya rataye a wuya, kuma ba ya yanke hukunci a kan zane sai ya duba shi da duka biyun. A karo na uku ya ɗaga takardar ya ce, "Malam Mai Zane, wannan ai ba mugu ba ne. Wannan bawan Allah ne da ciwon haƙori ya dama."

"Na ɗaure masa fuska, ranka ya daɗe. Ga girar nan a haɗe."

"Nan kuskuren yake. Mai ɗaure fuska yaro ya san shi, ai akwai irinsa a gidansu. Wanda ke tsorata yaro shi ne mai murmushi a inda babu abin murmushi. Ka sa ya yi murmushi yana ɗaure rijiyar. Zuwa jibi nake so, injin ba zai zauna jiranka ba."

Auta ya koma teburinsa ya baza littattafan aljihunsa. Bakuna ba su da iyaka a ciki: na direba, na mai gadi, na wata nas, na wani mai sayar da jarida. Duk ya gwada, babu wanda ya zauna. Can a wani tsohon littafi da bangonsa ya yage sai ya ci karo da bakin Yaya. Ya tuna ranar da ya zana shi, ranar da ɗiyar Yaya ta fari ta soma tafiya, uban yana tsugune yana miƙa mata hannu. Ya daɗe yana kallon shafin. Ba za a ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai. Sai dai ya gaya wa kansa cewa baki ne kawai, abu ɗaya daga mutum ɗaya, doka ba ta karye ba. Ya ɗora bakin a ƙarƙashin dogon hancin wani kwandasta, ya ba shi ƙananan idanu marasa motsi da ya ɗauko daga wani mai bin layi a gidan waya, ya sauke girar, sa'an nan ya zuba inuwa daga ƙasan haɓa zuwa sama. Da ya ja baya ya duba, shi kansa sai da fuskar ta ba shi tsoro.

Edita ya duba da tabarau na farko, ya sauya ya duba da na biyu. "Yanzu ka zo," in ji shi. "Wannan ko kyauta ya ba ni ruwan ba zan sha ba." Nan take ya ce a sa fuskar a bangon littafin, a kuma buga ta a manyan takardun talla.

Littafin ya karɓu fiye da yadda aka zata. Makarantu suka ɗauke shi, ciki har da wadda kantin Yaya yake ƙofarta. Ba a yi wata ɗaya ba yara suka ƙirƙiro wasan Mai Sarƙa a lokacin hutun tara: ɗaya ya ja leɓensa na hagu da yatsa, sauran su watse da gudu.

Ba wanda ya kai Yaya murna. Ya karɓi kwali guda na littafin domin sayarwa, ya kuma nemi babbar takardar tallar ya manna ta a jikin kantin, dab da tagar da yake leƙo da kai. Duk wanda ya tsaya sai ya nuna masa, ya ce, "Ƙanena ne ya zana, da hannunsa." Yana faɗa yana murmushi, tsakanin fuskarsa da ta Mai Sarƙa bai fi taƙi ɗaya ba. Shi bai ga komai ba, domin mutum ba ya ganin murmushinsa. In Yaya ya duba madubi, gemu yake dubawa. Hotunansa kuwa biyu ne kacal, duka na katin shaida, irin wanda ake ce wa mutum ya rufe baki ya kalli gaba.

Abin da babba bai gani ba, yara sun gan shi cikin mako guda. 'Yan aji ɗaya da aji biyu ne suka fara tsallaka titi zuwa wani kanti mai nisa. Manyan kuma suka koma zuwa a ƙungiya, su tura ɗaya ya saya, sauran su tsaya can baya suna ƙus-ƙus. Yaya ya ɗauka wancan kantin ne ya kawo fensir masu kyan launi. Sai ya ƙara fara'a domin ya jawo su, abin kuwa ya ƙara lalacewa.

Wata ranar Talata da hantsi matar Yaya ta shigo maɗaba'ar. Tela ce, mai kaifin baki, kuma ita da Auta ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Matar Yaya, yau ke ce a wurin aikinmu? Ko kin zo a zana ki ne? Sai dai fa ba mu da isasshen fenti."

Ba ta amsa wasan ba. Ta ciro littafin daga jakarta ta ajiye a kan teburin, ta ɗora tafin hannunta a kan idanun Mai Sarƙa da hancinsa, ta bar bakin shi kaɗai.

"Wane ne wannan?"

Auta ya kawar da idonsa daga littafin.

"Shekara goma sha takwas ina kallon bakin nan safe da yamma, Auta. Ko a buhu aka ƙulle shi zan gane shi. Duk bakunan da ke garin nan ba ka ga na ara ba sai wanda ya tsage a kan karatunka?"

"Ban zaci za a gane ba. Baki ne kawai na ɗauka."

"Baki ne kawai. To shi da me yake tarbar yaran, da gwiwa?"

"Ya sani?"

"Bai sani ba, ni kuma ba zan gaya masa ba. Ba ni na zana ba." Ta bar masa littafin ta fita.

Kwana biyu Auta yana shirya maganar da zai yi, yana rushewa. A rana ta uku ya nufi makarantar daidai lokacin tashi, amma da ya hango kantin sai ya tsaya a gindin wata bishiya. Yana nan tsaye wata mata ta zo tana jan hannun 'yarta, wata 'yar aji ɗaya da ta zubar da fensirinta. Yaya ya leƙo ya yi musu maraba da murmushinsa. Yarinyar ta turje, ta fashe da kuka, ta ɓuya a bayan uwar.

"Ke, me ya same ki?"

"Mama, shi ne ya ɗaure rijiya." Ta nuna takardar, ta nuna Yaya.

Uwar ta duba nan, ta duba can, kunya ta rufe ta. Ta ba da haƙuri a gurguje ta ja 'yarta suka wuce. Yaya ya fito daga kantin ya tsaya a gaban takardar, kamar yau ya fara ganinta. A hankali ya ɗaga hannu ya taɓa leɓensa. Da ya juya sai suka haɗa ido da Auta.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi wa Auta sauƙi. Ya ɗauko rezar fiƙe fensir, ya bi gefen takardar a tsanake domin kada ta yage, ya naɗe ta ya miƙa masa.

"Riƙe, kada ta lalace. Aiki ne mai kyau."

"Yaya, ka yafe mini. Ni ne na..."

"Haka nake, Auta?"

"Wallahi ba haka kake ba."

"Kai ne mai ido a gidanmu. In ka ce haka nake, haka nake." Ya koma cikin kantin ya ci gaba da jera littattafan rubutu.

Daga ranar Yaya ya daina murmushi. Da aka cire takardar wasu yaran sun dawo, amma ba Baba Mai Fensir ɗin da suka sani suka tarar ba. Yakan fiƙe fensirin kansa a sunkuye, ya miƙa, ba tambayar darasi, ba wasa. In wani abin dariya ya kama shi ba shiri, hannunsa ya riga leɓensa tashi, ya rufe bakin. A gida ma haka, har 'ya'yansa suka fara tambayar uwarsu ko Baba ba shi da lafiya ne. In Auta ya je gaisuwa, Yaya yakan amsa da ladabi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan. Irin amsar da ake yi wa baƙon da ake girmamawa ce. Auta ya gane cewa in aka tafi a haka, zai ci gaba da samun gaisuwa har ƙarshen rayuwarsa, amma ya rasa yaya.

Ya je ya gaya wa Edita komai, ya roƙi a janye bangon. Edita ya saurare shi har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Littafin da ya shiga jakar yara dubu nawa, wa zai bi ya karɓo? In an zo sabon bugu ma yi magana. Yanzu dai ga labari na biyu, wadda ta rubuta na farkon ta kawo. Ka je ka karanta, aiki yana rage tunani."

A labari na biyu yaran nan uku ne ruwa ya cika kogi ya raba su da gida, sai wani tsoho mai jirgin ruwa ya ƙetarar da su. Auta ya karanta sau biyu, wani tunani ya zo masa. Ya ɗauko bangon littafi na farko ya yi abin da matar Yaya ta yi, amma a juye: ya rufe bakin, ya bar idanun. Mugun yana nan daram, yana kallonsa. Ya sake rufe idanun da inuwar, ya bar bakin, sai ya ga bakin uban da ke miƙa wa 'yarsa hannu. Ashe muguntar a idanun da ba su shiga murmushin ba take, da girar da ya sauke, da inuwar da ya zuba. Bakin bai kawo komai ba illa ya bambanta da na sauran mutane, shi kuma ya koya wa yara cewa wannan bambancin shi ne alamar mugu. Ya shiga binciken littattafan aljihunsa domin ya ɗauko idanun Yaya ya gwada. Ya duba su duka, tun daga na farko. Babu. Dokarsa ta hana shi zana su.

Da ya kai wa Edita shawarar a ba mai jirgin bakin Mai Sarƙa, dattijon ya tuɓe tabarau duka biyun.

"Yara za su ce Mai Sarƙa ne ya sake kaya."

"Su ce, ranka ya daɗe. Su bi shi shafi bayan shafi suna jiran ya kifar da jirgin. In suka kai ƙarshe bai kifar ba fa?"

"Kai dai so kake ka wanke laifinka da tawadata."

"Haka ne."

Edita ya yi 'yar dariya. "To, tunda ba ka yi mini kwana-kwana ba, na yarda. Amma sai mai bakin ya amince, kuma ba zan karɓi 'ai ba zai damu ba' daga wurinka ba."

Ranar da ba aiki, da la'asar, Auta ya tafi gidan Yaya. Ya same shi a falo yana gyara mariƙin wata tsohuwar jakar makaranta, matarsa kuma tana kan keken ɗinki a bakin taga, yadi ya zubo har ƙasa. Auta ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, wurin zamansa tun yana yaro, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Yaya bai ɗago ba. "Wancan karon ka tambaye ni?"

"Ban tambaya ba."

"To me ya kawo tambaya yanzu?"

"Wancan karon baki na ɗauka a ɓoye. Yanzu fuskar nake so gaba ɗayanta, kuma sai in ka ba ni."

"Na shiga littafi sau ɗaya, ya ishe ni."

Keken ɗinkin ya tsaya. "Malam, ka bar shi ya kwashe ɓarnarsa," in ji matar. "Ni na gaji da zama da mutumin da ke dariya a tafin hannu, kamar wanda ya saci goro."

Yaya ya ci gaba da ɗinkin jakar har sai da ya ƙulle zaren ya yanke. Sa'an nan ya ce, "Za ka miƙe leɓen?"

Auta ya ɗauka abin da yake so ke nan, ya yi saurin cewa, "In kana so zan miƙe shi, ba wuya."

"In ka miƙe shi, wani ka zana. Yaran za su so wancan, su ci gaba da gudun wannan. Ka bar shi yadda likita ya bar shi."

Amincewa ta samu, amma aikin bai samu ba. Yaya yakan zauna a kujera ya miƙe wuya, ya haɗa leɓe, ya kalli gaba kamar mai jiran hoton katin shaida. Auta ya zana goshin, ya zana kunnuwan, ya zana furfurar da ta fara fitowa a gefen kai. Murmushin ne babu, kuma ba shi da bakin da zai ce, "Yaya, yi murmushi." Sau uku suna zama a haka. A zama na huɗu matar Yaya, wadda take ta kallonsu ta saman keke, ta yi magana kamar da kanta take yi.

"Ni fa ranar da na fara ganinsa a shagon gilashi, ya yi mini wannan murmushin nasa, sai na ɗauka takalmina yake wa dariya. Na koma gida na jefar da shi bayan gado. Wata uku ina aron na ƙanwata."

Yaya bai juya ba ya ce, "Ai takalmin ma abin dariya ne. Ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Ji shi. Shi ya sa ka bi mai takalmin har ƙofar gidansu, ka tsaya kana tambayar ko akwai tagar da ta fashe?"

"Sana'ata ce."

"Sau bakwai? Har Babana ya ce ko dai mu fasa ɗaya ne yaron nan ya huta."

Dariyar ta kubce wa Yaya kafin hannunsa ya kai baki. Auta ya gani, kuma a ransa ya ji kunyar cewa sai yau ya gani: idanun Yaya sukan kusan rufewa, layi uku su fito a gefen kowanne, girar ta tashi sama, kumatun su tura tabon har ya ɓace a cikinsu. Fensirinsa ya yi ta gudu. Kafin Yaya ya tattara fuskarsa, mai jirgin ya riga ya zauna a takarda. Auta ya juya littafin ya nuna masa. Yaya ya duba, ya sake dubawa, ya miƙa wa matarsa.

"Wannan kam shi ne," in ji ta. "Sai dai ka rage masa kunne, ka yi masa alfarma."

Littafi na biyu ya fito a shekarar da ta biyo. Yaya ya ƙi karɓar takardar talla, ya ce ya yi ritaya daga manne-manne, amma ya ajiye kwafi ɗaya a ƙasan kanta. Wata malamar aji biyu ta ba Auta labarin yadda aka yi a ajinta. Da aka zo shafin da tsohon ya miƙo hannu daga cikin jirgin, rabin ajin ya miƙe yana gargaɗin yaran labarin kada su shiga. Mako biyu ana karatun, kullum da gardama. Wasu suka ce a tsakiyar ruwa zai nuna halinsa, wasu suka ce sai an kusa gaɓa. Aka kai gaɓa, tsohon ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya matse musu rigunansu, ya juya jirginsa ya tafi. Wata yarinya ta nemi a duba ko an yage shafin ƙarshe. Ba a yage ba.

Ba a rana ɗaya abin ya gyaru ba. Akwai yaran da littafi na farko kawai suka karanta, suka ci gaba da tsallaka titi har suka gama makarantar. Hannun Yaya ma ya yi shekaru yana tashi zuwa baki in ya ga baƙuwar fuska. Amma 'yan ajin da suka biyo baya da Baba Mai Jirgi suka san shi, suna tambayarsa ina ya ajiye jirgin, shi kuma yana ce musu yana wurin gyara, su dai kawo darasin jiya tukuna. Wata rana da safe Auta yana wucewa zuwa aiki, ya ɗaga hannu daga nesa kamar yadda ya saba a watannin nan, sai ya ji muryar Yaya daga taga.

"Kai, ɓarawon baki. Wucewa za ka yi? Zo ka sha shayi, ka kuma riƙe mini kantin nan in je in dawo."

Auta ya makara a wurin aiki ranar, Edita ya yi masa faɗa, shi kuwa yana ta murmushi har dattijon ya tambaye shi ko lafiya.

Bai koma ga tsohuwar dokarsa ba. Littafin aljihu yana nan, amma duk wanda zai shiga labari sai an tambaye shi, ko da kunnensa kawai ake so. Mugayen labari kuwa ya daina nemo su a titi. Ya sayi ƙaramin madubi ya jingina a kan teburinsa, kuma duk mugun da ya zana bayan nan daga ciki ya ɗauko shi, har matarsa ta riƙa ƙorafin cewa ba ta iya buɗe littafin yara ba ta ga mijinta yana shirya wata tsiya ba. Sai da aka zo bugu na huɗu Edita ya cika alkawari, aka sake bangon littafi na farko, Mai Sarƙa ya fito da bakin Auta.

Yau Yaya ya haura shekara saba'in. Ya bar wa ɗiyarsa ta fari kantin, amma yakan zo da safe ya zauna a benci yana hira da yara kafin a kaɗa ƙararrawa. Auta ya yi ritaya daga maɗaba'ar, idanunsa sun yi rauni, yana koyar da zane ranar Asabar a ɗakin karatu na unguwa. Har yanzu ana buga littattafan biyu. Gidajen 'yan'uwan a layi ɗaya suke, kuma yawancin ranaku tare suke karyawa.